Ƙanena Ya Samu Parmi, Amma Ya Ajiye Makullin Mota

Assalamu alaikum Malama. Ina rubuto miki ne daga Yamai, ko da yake asalinmu mutanen Tahoua ne, aiki ne ya kawo mahaifinmu nan tun muna ƙanana. Ina da ƙane ɗan shekara 24 wanda likita ya tabbatar mana tun yana firamare cewa yana da lalurar otizim, wadda ke shafar yadda mutum ke mu'amala da mutane da yadda yake jin abubuwan da ke kewaye da shi. Yana magana, ya yi karatu har ya gama, yanzu yana aikin lissafin kuɗi a wani kamfani, kuma ba a taɓa kawo mana ƙararsa ba. Bara idanun Baba suka yi rauni, likita ya hana shi tuƙi, sai Baba ya biya wa ƙanena kuɗin makarantar koyon mota. Ya ci jarrabawar dokokin hanya ba kuskure ko ɗaya, ya samu parmi, wato takardar tuƙi, muka yi ta murna. Bai cika wata biyu da fara fita ba, wata rana da yamma ya ɗauko Baba za su haye gadar Kennedy zuwa Harobanda da ke hayin kogi, wani mai kabu-kabu ya gitta ta gabansa, na baya suka yi ta danna masa ham, sai ya taka birki ya tsaya cak a tsakiyar hanya, ya sa hannu biyu ya toshe kunnuwansa. Sai da wani bawan Allah ya shiga ya janye musu motar. Tun ranar ya ajiye makulli a kan teburin falo, ya ce shi da tuƙi har abada. Baba ya ce ragwanci ne, wai wane irin namiji ne zai zauna yayarsa mace tana jan mota. Gwaggonmu ta ce iska ce ta taɓa shi a bakin ruwa, a kai shi wurin malam. Yanzu ni ke kai Baba asibiti da duk wata hidima, ga nawa aikin, ga shi aurena bayan babbar salla ne, zan bar gidan. Ina son ƙanena, amma wani lokaci ina jin haushinsa. In matsa masa ya koma, ko in ƙyale shi?

Wata yaya, daga Yamai

Wa'alaikumus salam, ƴar'uwata. Na karanta wasiƙarki, kuma kafin in taɓa maganar ƙanenki ina so in ce miki haushin da kike ji bai mayar da ke mara tausayi ba. Mutumin da ya tashi daga aiki a gajiye ya tarar ana jiran sa da takardar asibiti, alhali ga wani a gidan da parmi sabo fil a aljihu, dole ransa ya sosu. Kin faɗi gaskiya, kuma da ita za mu yi aiki.

Bari mu koma kan gadar, domin ina ganin duk gidanku kun ga abin da ya faru daga waje, babu wanda ya leƙa cikinsa. Gadar Kennedy tun 1970 take aiki, an gina ta ne lokacin da motocin Yamai ba su kai ko kusa da na yau ba, ga ta matsattsiya, babu inda mai mota zai raɓe ya huta. Da yamma kuwa kowa ya taru a kanta: ɗaliban jami'ar Abdou Moumouni, ma'aikata masu komawa gida, taksi, babura masu kutsawa ta dama da hagu, masu tafiya a ƙasa, ga rana ta karkata tana dukan gilashi, ga hayaƙi, ga ham ta kowane ɓangare. Ni da ke idan muka shiga wannan hali, ƙwaƙwalwarmu tana tace abin da ke shigowa ba tare da mun sani ba, ta tura ƙarar injin da hasken ruwa baya, ta bar mana motar da ke gabanmu kawai. Da yawa daga masu otizim wannan rariyar ba ta yi musu aiki haka. Ƙara da haske da wari da motsi duk suna isowa da ƙarfi ɗaya a lokaci ɗaya, har su kai matsayin da jiki ba zai iya ɗauka ba. Kin san yadda wutar gida ke yankewa idan aka jona firji da dutsen guga da injin ruwa gaba ɗaya. To kusan haka ne. Toshe kunnen da ya yi ƙoƙari ne na rage abin da ke shigowa, tsayawar kuma, duk da hatsarinta a irin wannan wuri, ita ce kawai abin da ya rage masa a hannu. A daidai wannan lokacin ko da an yi masa magana da taushi zai iya kasa amsawa, balle tsawa.

Na san abin da ya fi ɗaure wa Baba kai shi ne jarrabawar da yaron ya cinye ba kuskure. Ni kuwa wannan bai ba ni mamaki ba ko kaɗan. Dokar da ke rubuce a littafi abu ne tsayayye, alama kaza tana nufin kaza, kuma masu otizim da yawa suna da ƙarfi ƙwarai wajen riƙe ƙa'ida da bin ta sau da ƙafa. Sai dai titin Yamai da wata doka ta biyu yake tafiya, wadda ba a rubuta ta ko'ina ba. Ki lura da kanki gobe idan kin iso shataletale: za ki dubi idon direban da ke tahowa, ki karanta daga yadda ya rage gudu cewa ya ba ki hanya, ya ɗaga miki yatsu biyu daga kan sitiyari, ki wuce. Kin san ham gajere yana iya zama gaisuwa, ko gargaɗi cewa ga ni nan tafe, ko neman fasinja, dogo kuma faɗa ne. Kin san mai taksi zai iya tsayawa ba sigina da zarar wani ya kira masa sunan unguwa daga bakin hanya, saboda haka tun kafin ya tsaya ƙafarki tana kan birki. Duk wannan hira ce da ake yi da ido da hannu da zato cikin ƙiftawa, kuma karanta nufin mutane daga fuska da motsi yana daga cikin abubuwan da wannan lalura ta fi wahalarwa. Ƙanenki ya shiga hanya da dokar littafi, ya tarar kowa yana karya ta, kuma kowane karyawa sai ya tsaya ya sake lissafi a ransa, alhali hanya ba ta jiran mai lissafi. Ki ƙara da canza giya da taka kuloci da duban madubi, ki ƙara da mahaifi a kujerar gefe yana cewa shiga, shiga mana, za ki ga nauyin da ke kansa a ranar.

Ba shi kaɗai ba ne a wannan hali. Masu bincike na asibitin yara na birnin Philadelphia a Amurka sun bi bayanan matasa a jihar New Jersey, suka fitar da sakamako a 2017 cewa cikin masu otizim waɗanda ba su da raunin fahimta, kusan 1 cikin 3 ne suka samu takardar tuƙi kafin su wuce shekara 21, alhali sauran matasa sun haura 8 cikin 10. Wani binciken nasu na 2021 ya nuna cewa waɗanda suka samu takardar ba su fi sauran sabbin direbobi yin hatsari ba, kuma ba a kama su da laifin karya doka kamar yadda ake kama sauran, amma idan hatsarin ya faru ya fi zuwa wajen juyawa hagu, ko juya kan mota, ko wurin da ake tantance wa zai ba wa hanya. Wato dai wuraren da sai ka yi hasashen abin da wani zai yi. Can kuwa titi ne mai layi a zane, babu amalanken jaki, babu awaki masu tsallakawa, saboda haka kada ki ɗauki waɗannan alƙaluma a matsayin alkawari game da Yamai. Abin da za ki ɗauka daga ciki shi ne lalurar ba ta rufe ƙofar tuƙi ga kowa ba, kuma waɗanda suka zaɓi su bar shi suna da yawa, suna da dalili.

Maganar Baba ta ragwanci ba daidai ba ce, kuma na tabbata tana yi wa yaron ciwo fiye da yadda yake nunawa, amma ina roƙonki ki dubi dattijon nan da idon rahama. Mutum ne da ya shekara da shekaru yana jan motarsa ya je inda ya ga dama, rana ɗaya aka ce ya sauka, ya koma sai an kai shi. Ya ɗora begensa kan ɗansa namiji, ya ga parmi ya ce Allah Ya kawo sauƙi, sai abin ya rushe a gabansa, a bainar jama'a, mutane suna leƙe ta taga. Akwai kunya a cikin fushinsa, akwai kuma tsoron da iyayen irin waɗannan yara ba sa faɗa, na yadda ɗan zai rayu bayan ransu. Kada ki tsaya yin gardama da shi, domin uba ba ya son ɗiyarsa ta gyara masa magana a kan ɗansa. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa, kawu ko aminin da suke zama tare bayan la'asar, ki fara fahimtar da shi, shi kuma ya kai maganar. A tuna wa Baba cewa alhazai nawa ne a garin nan da ba su taɓa riƙe sitiyari ba, direba ke jan su, kuma babu wanda ya taɓa kiran su ragwaye. A tuna masa cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, kuma nahiyarmu ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Saurayin da ya ji a jikinsa cewa zai iya jefa ran mahaifinsa da na wasu cikin hatsari, ya sauka da kansa ba wanda ya tilasta shi, ya yi abin da direbobi da yawa masu ji da jarumta suka kasa yi.

Gwaggo kuma da ƙauna ta yi magana, a gode mata. Addu'a ba ta taɓa yin yawa ba, a yi masa, shi ma ya riƙe azkar ɗinsa. Amma otizim bai same shi a bakin kogi ba, da shi ya taso, yanayin ginuwar ƙwaƙwalwa ne, likita Leo Kanner ya bayyana shi a rubuce tun 1943, kuma ana ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 a duniya yana da shi. Za ki ji wasu suna kiran sa galahanga, kalmar da ake jibga wa lalurori mabambanta, abin da ke sa mutane su zaci duk mai ita ba ya iya komai. Abin da nake jan kunnenki a kai shi ne kada a kai shi inda za a danne shi, a yi masa ihu a kunne, a turnuƙe shi da hayaƙi. Wanda ƙarar ham ta durƙusar, irin wannan zai ƙara masa rauni ne, kuma idan ya firgita ya yi ta fizge-fizge sai a ce ga aljanin ya bayyana.

Yanzu sai shi kansa mai abin, wanda na lura a wasiƙarki kowa ya faɗi ra'ayinsa a kansa, amma ban ga inda aka tambaye shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada a tara masa dangi a falo. Ki same shi shi kaɗai a lokacin da ya natsu, ko ma ki rubuta masa ta WhatsApp, domin da yawansu sun fi iya bayyana kansu a rubuce, inda ba a tsare su da ido ana jiran amsa. Kada ki tambaye shi me ya sa ba ya son tuƙi, tambayar ta yi faɗi kuma tana kama da tuhuma. Ki tambaye shi ɗaya bayan ɗaya: ƙarar ce ta fi damun sa ko hasken, ko baburan da ke fitowa ba zato, ko maganar wanda ke zaune kusa da shi? A wata biyun da ya yi yana fita, akwai hanyar da ya ji daɗinta? Idan ya dawo gida daga tuƙi, awa nawa yake ɗauka kafin ya dawo daidai? Wannan ta ƙarshe tana da muhimmanci, saboda wasu suna iya tuƙin lafiya lau amma su biya shi da gajiyar da za ta hana su aiki washegari, kuma idan haka ne, aikinsa ya fi motar daraja. Ki ba shi kwanaki ya amsa.

Kafin a sake maganar komawa kan sitiyari, a ga likita. Farfaɗiya ta fi yawa a tsakanin masu otizim fiye da sauran mutane, kuma akwai nau'inta da ba ya kayar da mutum, sai dai ya ɗauke na ɗan lokaci bai san abin da ake ciki ba. Yadda kika kwatanta abin, da toshe kunne, ya fi kama da cikar da na bayyana a sama, amma likita ne zai raba tsakaninsu, don haka Baba ya ba da labarin abin da ya gani dalla-dalla. A faɗa wa likitan duk maganin da yake sha, ko akwai mai sa barci, a duba idonsa, a kuma yi maganar fargaba, domin wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma irin wannan tsoron yana da magani. Babban asibitin ƙasa na Yamai yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, za ku iya farawa daga can ko daga likitan da ya san shi tun yana yaro.

Idan likita ya ba da izini, kuma shi da bakinsa ya ce yana so ya sake gwadawa, to a sauya salon gaba ɗaya. A zaɓi hanya guda tak, misali daga gida zuwa asibitin da Baba ke zuwa, ya fara bin ta yana zaune a gefe kina tuƙi, kina faɗa masa a fili abin da kike karantawa: wancan mai taksin zai tsaya, ga mace tana ɗaga masa hannu, wannan ham ɗin ba da mu ake ba. Dokar da ba a rubuta ba ita ma ana iya koyar da ita idan aka mayar da ita magana. Sannan ya karɓi motar ranar Lahadi bayan sallar asuba, lokacin da titi yake fayau, ya maimaita wannan hanyar har ta zama masa kamar tsakar gida, kafin a matsa zuwa lokacin da mutane suka fara fitowa. A kashe rediyo, a rufe gilashi, a kunna na'urar sanyaya mota idan akwai, ya sa baƙin tabarau saboda rana, amma kada ya toshe kunne gaba ɗaya, domin direba yana bukatar jin abin da ke bayansa. Mutum ɗaya ne zai zauna da shi, mai sanyin rai, mai gajeriyar magana, kuma a farkon nan ba Baba ba. Ku yi yarjejeniya tun a gida cewa da zarar ya ji abin yana taruwa zai kunna sigina ya raɓe gefe ya huta, ba wanda zai tambaye shi dalili. Idan hali ya yi, mota otomatik mai canza giya da kanta tana sauke masa kaso mai yawa na aikin. Inda juyawa hagu ke da wuya, a nemi zagaye ko da ya fi nisa. Harobanda ma yanzu ba sai ta gadar Kennedy ba, akwai gada ta biyu da aka buɗe a 2011 da ta Janar Seyni Kountché, sun fi ta faɗi.

Ki sa a ranki tun yanzu cewa ƙarshen wannan ƙoƙari zai iya zama direba mai iyaka: yana tuƙi da rana, a hanyoyi uku ko huɗu da ya sani, ba ya shiga cunkoson Katako ko Babbar Kasuwa, ba ya fita cikin zafin Afrilu da tsakar rana, kuma ba shi zai ja ku kilomita sama da 500 zuwa Tahoua ta Dosso da Dogon Dutsi da Birnin Konni ranar biki ba. Wannan ba gazawa ba ce, mutane da yawa marasa kowace lalura haka suke tuƙi, ba su dai faɗa ne. Kada kuma wani ya kawo shawarar a saya masa babur wai ya fi sauƙi; a kan babur babu gilashin da zai tare masa ƙara, babu ƙarfen da zai tare masa jiki.

Idan kuwa ya ce a'a, bayan an tambaye shi cikin mutunci, to a karɓa. Ki tuna abin da gidanku ke bukata shi ne Baba ya isa asibiti a kan lokaci kuma ke ki samu sarari, ba lallai sai ƙanenki ne ke riƙe da sitiyarin ba. Yana da albashi. Zai iya ɗaukar nauyin wani amintaccen mai taksi da za a yi ciniki da shi na wata, ya riƙa zuwa ranakun asibiti, ko a ɗauki direba na ƴan kwanaki a mako ya ja motar gidan. Shi kuma ya zama mai raka Baba, mai riƙe takardu da ranakun ganin likita da lissafin magani, aikin da nake zaton zai yi shi fiye da kowa a gidan. Ta haka Baba zai ga ɗansa a gefensa yana ɗauke masa nauyi, wanda shi ne ainihin abin da yake nema. Ki gabatar masa da wannan a matsayin haƙƙin da ke kansa, da adadi da ranaku a rubuce, domin lalurar ba ta sauke masa hidimar mahaifi ba, ta dai canza hanyar da zai yi ta.

Ke kuma, ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ki bari sai an kai ki ɗakinki sannan a fara kiran ki a waya cewa Baba yana da asibiti ƙarfe takwas. Ki sa wa kanki wa'adi, wata guda kafin biki sabon tsarin ya riga ya fara aiki kina gani, ki gyara inda ya karkace. Ki yi maganar da wanda za ki aura tun yanzu, ku amince kan abin da za ki ci gaba da yi wa gida, ko rana ɗaya ce a mako, don kada ya zame muku abin saɓani daga baya.

A wannan makon ki fara da abu biyu. Ki aika wa ƙanenki tambayoyin nan, ki haɗa da gaya masa cewa kin san ranar gadar ta yi masa tsanani kuma ba ki ɗauke shi rago ba. Sannan ki ɗauke makullin nan daga kan teburin falo, inda yake ganin sa safe da yamma kuma Baba yake ganin sa, ki sa a jakarki, ki shaida masa cewa yana wurinki duk ranar da ya neme shi.